Bal ɗin da Yaya ya zo gani

Yayan matata bai taɓa ƙaunata ba, ni ma ban ɓata lokacina wajen ƙaunarsa ba. Tun ranar da aka ɗaura mana aure a Kumasi yake kallona kamar ƙudan da ya faɗa masa a koko. Shi fataucin goro yake yi, ƙato ne mai wuya kamar na sa, ba ya dariya sai wani ya faɗi. Ni kuma mai gyaran keke ne da ƙananan babura, waɗanda muke kira mobilet, a tsohon Zangon Lome, wancan da aka rushe daga baya. Gajere ne ni, bakina ya fi jikina, bokona kuma ta ƙare ne ranar da malami ya gane alli kawai yake ɓatawa. Abin da Yaya ya riƙe ni da shi, wai ni ɗan rawa ne. Ba ƙarya aka yi mini ba, amma da can ne. Kafin aure na rantse wa matata na bari, kuma na bari ɗin.

Da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka ɗauke ta zuwa gida haihuwa, kamar yadda aka saba. Ta haifi namiji. Na je suna, aka ɗora mini shi a hannu kamar an ba ni aron kwano, aka karɓe. Aka yi arba'in, na share ɗaki na shafa farar ƙasa, ba ta zo ba. Wata ya bi wata. Duk direban goron da na aika da gaisuwa, magana ɗaya yake dawo mini da ita: Baba, wato surukina, ya ce sai Yaya ya yarda, Yaya kuma ya ce ƙanwarsa ba za ta reni ɗa a garin da mata ke tuƙa mota maza suna rawa ba. Don in rage zafi sai na tattara tsofaffin ƙarafa na haɗa wa yaron keken koyon tafiya, na yi masa jan fenti, har da ƙararrawa, na rataye a bango. Shi nake fara gani kowace safiya.

Sai ga saƙo wai Yaya zai zo ya yi ƙarshen mako a Lome. Kowa a Zango ya san ba shan iska ya kawo shi ba. Ni zai zo ya duba, yadda yake buɗe huhun goro ya shinshina kafin ya taya. Abin da ya faɗa in ya koma, shi ne zai sa in ga matata da ɗana ko in rasa su.

Ranar Juma'a na tarye shi a bakin iyaka, a Aflawo. Na durƙusa, na karɓi jaka.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya Baba? Ya mai jego da yaro?"

"Lafiya," ya ce, amsa ɗaya ga duka. Ya dube ni daga sama har ƙasa, bai daɗe ba tunda ba nisa. "Ka ƙara gajarta."

Da yamma matar maƙwabcina ta yi mana tuwo da miyar ayoyo. Ya ci ya cinye, ya ce gishiri ya yi yawa. Yana sakace sai ya ce, "Kada ka ɗauka don kai na zo. Bal na zo gani."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

Mu a Zangon Lome Faransanci ne ya shiga bakinmu. Abin da ake bugawa da ƙafa a fili, balo muke ce masa. Bal kuwa wurin rawa ne: fili a kewaye, makaɗa, kwalabe, mata da maza. Su mutanen Kumasi Turancin Ingila ne ya shiga nasu bakin, a wurinsu bal ita ce ƙwallo. Yau ko jikana ya san wannan. A lokacin ni ban sani ba, don ƙwallo ba ta taɓa damuna ba, ban taɓa zama hirarta da kowa ba.

"Bal, Yaya?" na ce.

"Bal. Ko kunnen ma gajere ne? Yaranmu na Gana sun zo garinku za su buga. Ni duk inda za su buga, in Allah ya ba ni iko sai na je."

Kuma wallahi akwai makaɗa daga Gana da suka sauka a makon nan, za su buga ranar Asabar a wani gida a unguwar Be. Ni da na bar harkar ma labari ya iske ni a wurin aiki.

Na rage murya. "Baba ya sani?"

"Baba? Shi da ya fara kai ni tun ina yaro?" Ya tofar da tsinke. "Ka samo mana wuri a gaba. Ba na son nesa. Ina so in ga ƙafafu sosai."

Na dube shi da gemunsa da carbinsa, na ce a raina, ashe kai ma mutum ne. Na sha ganin irinsa. Su zo Lome daga nesa, inda ba wanda ya san su, su naɗe rawani su sa a jaka. Wani daɗi ya kama ni. Na ga cewa in na rufa masa wannan asiri, to mun zama abokan sirri, kuma abokin sirri ba ya riƙe maka mata. Rantsuwata kuwa na duba ta ciki da waje: cewa na yi ba zan yi rawa ba, ban ce ba zan raka baƙo ba.

"Gobe ne, Yaya, bayan isha'i."

"An ce mini Lahadi da la'asar."

"An ruɗe ka. Wa ke yin bal da rana tsaka?"

Ya ɓata fuska. Na ga abin ya sosa masa rai. "Kuna da fitilu kenan?"

"Sosai. Ja, kore, har da shuɗi."

"Shuɗi?" Ya yi tsaki. "Faransawa ba su taɓa yin abu daidai ba."

Da safe na goya shi a mobilet don ya ga gari. Tayar baya ta kwanta, inji yana kuka kamar akuyar da aka taka. Na kai shi babbar kasuwa, inda manyan matan atamfa ke zaune kan dukiya, motocinsu a ƙofa. Ya ce lungu ɗaya na kasuwar Kumasi ya haɗiye ta. Na bi da shi unguwar Adawlato ya ga kantuna cike har rufi, ya ce kayan fasa-ƙwauri ne. Na nuna masa dogon cocin da Jamusawa suka gina, ya tambaye ni ko nan nake sallar Juma'a. Ko'ina muka juya ga hoton Mai Ƙasa, wato shugaban ƙasarmu, a bango, a kanti, a ƙirjin mutane. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowa ɗanta ne tun yana cikin uwarsa. Yaya ya ɗaga yatsa ya nuna wani babban hoto.

"Wannan mutumin ba ya gajiya da kallon jama'a?"

Na kamo hannunsa na sauke. "Yaya, a nan ba a nuna shi da yatsa."

"Matsorata. Mu in mun gaji da mutum sauya shi muke yi."

"Shi ya sa sukari da sabulu a nan kuke zuwa saye."

Na ji maganar ta fita ne kafin in kama ta. Ya matse mini kafaɗa daga baya har mobilet ta karkace.

Teku na ajiye a ƙarshe, don ita kam ba su da ita. Muka tsaya ƙarƙashin itatuwan kwakwa kusa da tsohuwar gadar jiragen ruwa, duk ta yi tsatsa. Na ce, "Ga ta nan, Yaya."

"Me za a yi da ita? Ba a sha, ba a ban ruwa, sai wari."

Na haɗiye. Na ce, "Yaron ya fara zama?"

"Ya fara. Mu ya ɗauko, alhamdulillahi, doguwar ƙafa gare shi." Ya juya ya dubi masu shanyar kifi. "A cikin wannan ƙarni kake so a kawo shi?"

Sai igiyar ruwa ta taso ta jiƙa masa bakin riga har gwiwa. Na yi ta ba shi haƙuri da murya mai tausayi, a zuciyata kuwa na sa wa tekun albarka.

Bayan isha'i ya sa babbar rigarsa fara, ya ɗora jar dara. Na yi mamakin wannan shiga, amma na ce kowa da salonsa. Ni kuma na ciro takalmina mai tsini daga ƙarƙashin gado na goge, don kawai ya sha iska. Muka shiga tasi zuwa Be.

Gidan yana bayan kasuwa, an kewaye shi da katanga da ganyen kwakwa. Tun daga nesa ana jin ƙaho da ganga. Yaya ya ce, "Har da 'yan badujala? Ba laifi." Da muka matso ya dubi katangar. "Filin bai yi ƙanƙanta ba?"

"Ciki da faɗi, Yaya."

A bakin ƙofa akwai mai tsire, shi ma ɗan Zangon Kumasi ne da ya zo ci-rani, uwarsa tana can. Yana ganin Yaya ya saki wuƙa.

"La ilaha! Alhaji! Ashe kai ma kana taɓawa?"

"Tun kana tsumma," in ji Yaya, da alfahari.

Jama'a suka turo mu ciki. Masu tsaron ƙofa da masu kai kwalabe suka yi ta kirana da wani suna da na binne tun ranar ɗaurin aurena. Na yi kamar da wani suke. Na samar mana tebur a gaba, dab da makaɗa, kamar yadda ya nema.

Yaya bai zauna ba. Ya dubi fitilu, ja da kore da shuɗi. Ya dubi kwalabe. Ya dubi ƙafafun da ya ce yana son gani, ga su nan kuwa birjik, ba ko ɗaya mai safa. Na ga wuyansa yana kumbura.

"Ina ragar?" ya ce.

"Wace raga?"

"Kai, ɗan banza, ina ka kawo ni?"

"Bal, Yaya."

Ya juya zai fita, daidai lokacin da makaɗa suka sauya kiɗa. A zamanin nan ba a buɗe kowane taro sai da waƙar yabon Mai Ƙasa, ko makaɗan daga ina suka zo sai sun koye ta. Kowa ya miƙe. Sojoji biyu da ke shan abinsu a bakin ƙofa su ma suka miƙe, suna duban wanda bai tashi ba. Na cafke rigar Yaya da hannu biyu.

"Kada ka motsa. Wanda ya fita ana wannan waƙa, a bariki zai kwana, kuma ba lallai gobe ya fito ba."

"Sake ni!"

"Yaya, don Allah tafa. Suna kallonka."

Ya dubi sojojin, suka dube shi. Sai ga manyan hannuwan nan sun fara haɗuwa a hankali, kamar yana kashe sauro.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a teburin kusa da mu akwai wata babbar mace 'yar ƙabilar Mina, cikin jan zane, bajon jam'iyya a ƙirjinta. Ita ce shugabar matan da ke rawa da waƙa a tarukan gwamnati, waɗanda muke kira 'yan animasiyo. Ta ga mutum cikin babbar riga a teburin gaba, ta ɗauka wani babban baƙo ne da ya kamata a girmama. Ta taho tana rangaji, ta kama hannunsa.

"Alaji!" ta ce, tana jan sa tsakiyar fili.

Ya waiwayo gare ni, idonsa kamar na ragon da ya ga wuƙa. Na ce masa a kunne, "In ka fizge hannunka a wannan waƙa, ba ita ka ƙi ba."

Ya tafi. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, Yaya ya taka. Ba rawa ce ta a zo a gani ba, ya fi kama da mai tattaka ƙasar gini, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, dara tana karkacewa. Matar tana juya shi, jama'a suna guɗa, mai ƙaho ya zo yana busa masa a kunne. Mai tsire ya bar namansa yana ƙonewa ya leƙo ta ƙofa. Ni kuwa ƙafata ta dama ta fara motsi da kanta a ƙarƙashin tebur, na danne ta da ta hagu.

Ana gama waƙar ya ratsa mutane ya fice. Na bi shi da gudu. Bai yarda ya shiga tasi da ni ba, a ƙasa muka taka daga Be har Zango, yana gaba ina baya.

"Yaya, kai ka ce bal."

"Bal na ce! Bal! Wadda ake bugawa da ƙafa!"

"Ai wannan balo ce."

"Balo uwaka. Da gangan ka yi."

"Wallahi ka ce kana son ganin ƙafafu."

Ya tsaya cak, har na yi karo da bayansa. "Sunan da suke kiranka da shi a can, na ji. Har karen gidan ya san ka. An gaya mana, Baba ya ce a bincika. To na bincika. Ƙanwata ta gama zama a garin nan."

Na rantse, na yi bayani, na kira Faransa da Ingila shaida. Ko waiwaye bai yi ba. A masallacin unguwa ya kwana, ya ce ɗakina ba ya sallatuwa.

Washegari bayan azahar ya zo ya tsaya a ƙofa. "Tashi ka kai ni inda ake buga ƙwallo. Ƙwallo. Mai zagaye. Ta fata. Ka gane, ko in zana maka a ƙasa?"

Na kai shi. Ashe gaskiyarsa ce, Lahadi da la'asar ne, kuma duk garin ya sani ban da ni. Filin ya cika maƙil, rana tana dukan benci na siminti, masu lemo suna ratsa mutane. Muka sami wuri a tsakiyar mutanen Lome zalla. Da aka fara waƙar Mai Ƙasa, Yaya ya miƙe ya tafa ba tare da an ce masa ba, fuskarsa kamar an rufe ƙofa.

Tunda na riga na rasa mata, na ce bari in ci ribar baƙin ciki. Na tambayi na kusa da ni wace raga ce namu za su zura wa ƙwallo, ya nuna mini. Na ƙura mata ido, na shiga ihu da Minanci da Faransanci, ina zagin 'yan Gana da kakanninsu, ina tabbatar da cewa kowace kalma ta shiga kunnen Yaya ko da bai gane ta ba. Shi kuma yana nasa da Turanci da Asantanci, shi kaɗai, yana kiran yaransu ɗaya-ɗaya kamar shi ya haife su. Gaskiya sun fi namu iyawa, ni da ban san komai ba ma na ga haka. Aka tafi hutu ba wanda ya ci.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne bayan hutu sauya raga ake yi. Ni ina nan ina gadin tawa. Da ƙwallo ta faɗa cikinta na yi tsalle sama ina kururuwa, hannu biyu a sama. Sai na ji filin ya yi tsit. Na duba, mutum biyu ne kaɗai a tsaye a wannan ɓangare, ni da Yaya. Ɓawon lemo ya fara sauka mana kamar ruwan sama, wani ya haɗa da ƙwallon mangwaro, wata tsohuwa a bayana ta rafka mini mafici tana cewa ɗan Zango maci amana. A duk zamanmu da Yaya, wannan ne kaɗai lokacin da muka tsaya a gefe ɗaya, shi ma bisa kuskure. Ko a nan sai da ya matsa don kada kafaɗarmu ta haɗu.

Daga baya namu suka rama. Dab da tashi alƙalin wasa ya ba mu fenariti a kan abin da ko na kusa da ni ya ce bai gani ba, muka ci. Yaya ya yi ta ihun ɓarawo har muryarsa ta dushe. Wannan karon sai da na ga kowa ya tashi sannan na tashi.

Muna fita, a cikin turmutsutsu, sai ga matan animasiyo sun taho a jere cikin atamfa iri ɗaya, suna kaɗa fararen hankici. Ta gaba ita ce mai jan zanen jiya. Ta hango jar dara a saman kawuna.

"Alaji! Alaji!" Ta kaɗa masa hankici, ta faɗi wata magana da Minanci, matan suka kwashe da dariya. Gaisuwa ce kawai, da cewa ya dawo Asabar mai zuwa.

Yaya ya ce ta cikin haƙora, "Me take cewa?"

Da ma na yi shiru. Amma an haife ni da bakin nan ne.

"Cewa take ƙafarka ta fi ta yaranku."

Marin da ya yi mini, har yau in hadari ya haɗu kunnen nan yana tuna mini da shi.

Da safe na raka shi Aflawo, ina ɗauke da jaka. Sai da zai tsallaka ya juyo. "Keken nan da na gani a bango, ka sayar. A hannuna yaron zai koyi tafiya."

Na koma Zango. Ban sayar ba, amma na juya shi ya fuskanci bango, na rufe shi da buhu. Na daina aika gaisuwa. Maƙwabta suka fara yi mini maganar wata bazawara a unguwar Be-Kpota, ina jin su.

Ba a yi wata ba, ina kwance ƙarƙashin wata mobilet da rana, sai na ga ƙafafu sun tsaya a kaina, da lalle. Na san su. Na fito da baƙin mai har goshi. Matata ce, yaro a bayanta, ƙunshin kaya a ka, direban goro yana sauke sauran. Na fara washe baki ina sannu da zuwa. Ta wuce ɗaki, na bi ta. Ta sauke kaya, ta durƙusa, ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo takalmina mai tsini. Yana ƙyalli.

"Wane bal?" ta ce.

Yadda aka yi, ita ta ba ni labari daga baya, da aka fara yi mini magana. Ranar da Yaya ya isa Kumasi, Baba yana zaure da limamin unguwa da wasu dattawa. Ita tana bayan labule. Baba ya ce, "To, ya ka same shi?" Yaya, da kalmar da ya taho yana taunawa tun daga iyaka, ya ce, "Baba, yaron nan bal ya kai ni!"

Baba ya ce, "To ba ita ka je gani ba?"

"Ranar Asabar, Baba! Da dare!"

"Ashe suna da fitilu. Lahadi fa?"

"Lahadi ma mun je, amma..."

"Sau biyu? Ya bar aikinsa ya kai ka bal sau biyu? Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Liman ya ce amin. Yaya ya buɗe baki zai gyara, sai ya tsaya. In ya ce gidan rawa da giya ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce ya shiga ko bai shiga ba, kuma me ya yi a ciki. Ga mai tsire zai zo gida da salla, da bakinsa. Muddin kalmar tana nan a bal, ko mai tsire ya hau hasumiya ya ce ya ga Alhaji a bal, ba wanda zai ɗaga kai a Kumasi. Sai Yaya ya haɗiye, ya ce, "An yi mana maguɗi ne kawai." Baba ya ce ai haka wasa yake, a shirya wa yarinya kayanta.

A duk gidan nan mutum ɗaya ce ta zauna a Lome, ta san abin da ake bugawa ranar Asabar bayan isha'i. Matata ce, kuma ba ta tona ba. Ta haɗa kayanta da kanta, tun kafin a ce ta yi sauri.

"Wane bal?" ta sake cewa, takalmin a hannunta.

"Balo, uwargida. Ƙwallo. Har an jefe ni da lemo."

"Wannan Lahadi kenan. Asabar nake tambaya."

"Yaya ne ya ce..."

"Yaya na ce ko kai? Ka taka ko ba ka taka ba?"

"Wallahi ban taka ba. Shi ne ya taka."

Ta dube ni. Na ga gefen bakinta ya motsa, ta danne shi. "Yaya? Ƙarya kake."

"Da wata mai jan zane."

"Kai kuma da mai wane zane?"

Takalmin nan a rijiyar bayan gida ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye. Na yi kwanaki ina cin tuwo ba gaisuwa, ina kwana a tabarma bakin ƙofa. Amma a ranar da ta iso, bayan ta gama da ni, ta ga buhu a bango ta yaye. Ta daɗe tana duban abin. Ta sauke shi, ta goge ƙura da bakin zanenta, ta kwance yaron ta tsayar da shi ya kama ƙarfen. Bai iya ba tukuna, ya zame ya zauna daɓas, ya kama ƙararrawar yana ta bugawa. Na duba ƙafafunsa da kyau. Gajeru ne.

Yaya bai sake taka Lome ba. In mun haɗu a biki ko rasuwa a Kumasi, in gaishe shi ya amsa wa bango. Har ya koma ga Allah ba a sake jin kalmar nan a bakinsa ba, ƙwallo yake cewa, dalla-dalla, mutanensu suna mamakin inda ya samo wannan Hausa. Ni kuma duk direban goron da zai tafi, sai na ce ya gaishe mini da Yaya, ya gaya masa ana ta tambayarsa a Be.